Yadda Malami Zai Tantance Labaran Coci da Kimiyya Kafin Ya Kai Su Aji

Duk wanda ya taɓa alƙalancin muhawarar ɗalibai a Gombe, ko ya zauna a taron zumuntar matasa a Billiri ko Kaltungo ranar da aka ɗauko batun addini da kimiyya, ya san yadda abin yake tafiya. Yaro zai miƙe ya gyara wuyan riga, ya ce coci ya ƙone Galileo saboda ya ce duniya dunƙulalliya ce. A tafa masa. Na ɗaya ɓangaren ya miƙe ya ce ai Darwin kansa ya tuba a gadon mutuwa, ya janye duk abin da ya rubuta. Shi ma a tafa masa. Galileo dai a kan gadonsa ya rasu, shari'arsa ba ta shafi siffar duniya ba, tuban Darwin kuwa ƙanzon kurege ne. Yaran ba su da laifi. Abin da suka ji daga manya suka kawo.

Wannan jagora na malaman sakandare ne da masu horar da 'yan muhawara. Darasin yana cin zama biyu na minti 40 kowanne, ban da awon inuwa da ake fita yi da tsakar rana. Kayan aikin: sanda miƙaƙƙiya mai tsawon mita 1, zare da ɗan dutse, tef na tela, akwatin lissafi, tocila, lemo guda ɗaya, da alli.

Tambayoyi huɗu a gefen allo

A rubuta su tun kafin a buɗe baki, kada a goge har a gama. A wace shekara abin ya faru? Wane coci, kuma wa ke cikinsa? Me takardun wancan lokacin suka ce? Wa ya fara ba da labarin, kuma bayan shekara nawa?

Tambaya ta biyu tana hana a yi wa shekara 2,000 kuɗin goro. Bishop na Paris a 1277, kotun binciken aƙida ta Rum a 1633 da wani fasto a Amurka a 1925 ba mutum ɗaya ba ne, ba ma ɗariƙa ɗaya ba. Haka ita ma kimiyyar: kalmar da Turawa ke kiran masanin kimiyya da ita sai a shekarun 1830 aka ƙirƙiro ta, wanda ya ƙirƙiro ta kuwa, William Whewell, limamin cocin Angilika ne.

Ta huɗu ce ta fi yanka. Idan aka bi sawun labaran nan, da yawa suna komawa ga littattafai biyu na Amurka: na John William Draper a 1874, da na Andrew Dickson White a 1896. Su suka tsara tarihin a matsayin yaƙi, kowa kuma da tasa a ƙasa. Draper da Paparoma yake faɗa. White shi ne shugaban farko na jami'ar Cornell, yana jin haushin malaman addinin da suka soki kafa jami'ar da ba ta ƙarƙashin kowace ɗariƙa. Masana tarihin kimiyya sun daɗe da ajiye wannan tsari nasu, amma littattafan aji da wayoyin hannu ba su samu labari ba.

Siffar duniya: a fara da sanda

Kafin a ce komai game da Kolombus, matuƙin jirgin ruwan da ake cewa limamai sun gargaɗe shi wai duniya shimfiɗe take, a fitar da yara waje su auna. Ranar da ta dace ita ce 20 ko 21 ga Maris. Ta 23 ga Satumba ma tana yi, sai dai gajimaren damina kan ɓata aikin.

A nemi daɓe ko siminti mai laɓai. A tsayar da sandar, a rataya zaren da dutsen a gefenta don a tabbata ta miƙe sak. Daga 12:00 zuwa 12:45, a riƙa ɗiga alli a bakin inuwar duk bayan minti 5. Inuwa mafi gajarta ake nema, wato daidai zawali. A Gombe hakan yana faɗowa wajen 12:22 a Maris, ba 12:00 ba, domin agogon Nijeriya yana bin layin da ke gabas da mu. Inuwar za ta kai kusan santimita 18. A zana ta a takarda, sanda santimita 10, inuwa 1.8, a haɗa layin a auna kusurwa: digiri 10.3 ko kusa.

Sai a samu wata makaranta da ke can kudu ta yi irin wannan awo a rana guda, a yi musayar sakamako ta WhatsApp. A Fatakwal inuwar takan tsaya wajen santimita 8 da ɗoriya, digiri 4.8. Bambancin 5.5 ke nan. Tazarar arewa zuwa kudu tsakanin garuruwan biyu kusan kilomita 610 ce. A raba 360 da 5.5, a ninka da 610, a samu kusan kilomita 40,000, wanda shi ne kewayen duniya.

Inda aikin ke lalacewa uku ne. Wasu sukan haɗa Gombe da Bauchi don sauƙi, alhali garuruwan biyu kusan a layi ɗaya suke daga gabas zuwa yamma, inuwarsu ɗaya, ba abin da za a raba. Kaltungo ma ta yi kusa, bambancin bai wuce rabin digiri ba. Wasu sukan ɗauki nisan hanyar mota, wanda ya ɗara tazarar gaskiya nesa ba kusa ba. Na uku shi ne karkatar sanda: kuskuren santimita 1 a inuwa ya fi rabin digiri, kuma yana iya jefar da amsar da kilomita 4,000. Idan wani ɗalibi mai kaifin kai ya ce ai ko a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa inuwa za ta bambanta in rana tana kusa, a yaba masa, gaskiya ya faɗa. Amsarsa ita ce a ƙara gari na uku, lissafin shimfiɗa zai wargaje. A kuma tuna masa husufin wata: inuwar duniya a kan wata kullum zagayayya ce, hujjar da Aristotil ya kawo tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Almasihu.

Yanzu a koma aji da tarihin. Wannan awo Eratosthenes ya yi shi a Masar wajen shekara 240 kafin Almasihu, kuma sanin bai ɓace ba. Bede, wani ɗan zuhudu a Ingila, ya rubuta a 725 cewa duniya kamar ƙwallo take. Littafin ilimin taurari na Sacrobosco, na wajen 1230, da hujjojin dunƙulewar duniya ya buɗe, an kuma yi ɗaruruwan shekaru ana karantar da shi a jami'o'in Turai. Marubutan Kirista da suka ce shimfiɗe take akwai su, Lactantius a ƙarni na 4 da Cosmas a ƙarni na 6, amma ba su aka bi ba.

Gardamar da aka yi da Kolombus kafin 1492 a kan girman duniya ce, kuma masu sukarsa ne ke da gaskiya. Ya ɗauki awon Alfargani, masanin zamanin Abbasiyawa, ya lissafa shi da mil na Rumawa wanda bai kai na Larabawa tsawo ba. Ya ƙiyasta kusan kilomita 4,400 daga tsibiran Kanari zuwa Japan, alhali sun haura 19,000. Ba don ya ci karo da nahiyar Amurka a hanya ba, da ƙishirwa ta gama da su. Hoton limamai suna ce masa zai faɗa ta bakin duniya, marubucin nan Washington Irving ne ya ƙawata shi a 1828, fiye da shekara 300 bayan tafiyar.

Galileo: a nan za a zauna

Wannan ya cancanci zama guda cur, domin a nan ne aka yi rigima ta gaske, a nan ne kuma kowane ɓangare ke son a taƙaita.

A jera shekarun a allo. Kofanikus, ma'aikacin babban cocin Frombork a Poland, ya fitar da littafinsa a 1543 yana cewa duniya ce ke zagaya rana, ya kuma sadaukar da shi ga Paparoma Paul na 3. Aka yi shekara 73 ba a hana littafin ba. A 1609 Galileo ya haɗa madubin hangen nesa, a 1610 ya ba da labarin watanni huɗu da ke zagaya Mushtari. A 1611 masana taurari na ƙungiyar Jesuit ta limaman Katolika a Rum suka duba da nasu madubin suka tabbatar, aka karrama shi.

A dakata a nan a yi gwaji biyu. A rufe tagogi, a ajiye tocila a tsakiya a matsayin rana, ɗalibi ya ɗaga lemo ya zagaya ta. 'Yan aji za su ga ɓangaren da haske ya bugi lemon yana ƙaruwa yana raguwa, kamar yadda Galileo ya ga Zara, matar wata, tana yi. Wannan ya nuna Zara rana take zagayawa, ya kuma rushe tsohon tsarin Batalimus, wanda ya ce duk duniya suke zagayawa. Amma bai nuna duniya tana motsi ba, domin akwai tsari na uku, na Tycho Brahe: irin su Zara da Mushtari suna zagaya rana, ita kuma rana tana zagaya duniya. Duk abin da madubin Galileo ya gani ya dace da wannan tsari. Malamai da yawa suna tsallake Tycho, shi ya sa labarin ke fitowa kamar mai ido ne yake gardama da makafi.

Gwaji na biyu: kowa ya miƙa hannu ya ɗaga babban yatsa, ya rufe ido ɗaya, sannan ɗayan. Yatsan zai yi kamar ya gusa. To in duniya tana tafiya daga wannan gefen rana zuwa wancan cikin wata shida, ya kamata taurari su gusa haka. Ba wanda ya iya ganin hakan a lokacin. Shaidar motsin duniya daga hasken taurari sai a 1729 James Bradley ya kawo ta, gusawar kanta kuwa sai a 1838 Friedrich Bessel ya auna. Hujjar da Galileo ya fi ji da ita, wato cikar teku da janyewarsa, kuskure ce. Ya ma yi watsi da Kepler, masanin taurarin da ya danganta abin da wata.

Sai ɓangaren nassi. Masu adawa sun riƙe Joshuwa 10, inda aka umarci rana ta tsaya, da Zabura 104 aya 5. Lokacin kuma na zafin rabuwar Katolika da Furotesta ne, babban taron cocin Katolika na Trent ya riga ya hana kowa fassara nassi saɓanin magabata. Galileo, wanda ba limami ba ne, ya rubuta doguwar wasiƙa a 1615 yana bayyana yadda ya kamata a fahimci waɗannan ayoyi. Kadinal Bellarmine ya rubuta a shekarar cewa in aka kawo tabbatacciyar hujja, dole a sake duba fahimtar ayoyin, amma shi bai ga hujjar ba. A 1616 aka yanke cewa ra'ayin ya saɓa wa nassi, aka dakatar da littafin Kofanikus sai an gyara, aka gargaɗi Galileo.

A 1623 abokinsa Maffeo Barberini ya zama Paparoma Urban na 8. Galileo ya ga dama ta samu, ya fitar da littafin muhawara a 1632. Sai ya ɗauki hujjar da Paparoman ya fi so, ya sa ta a bakin Simplicio, mutumin da aka yi ta kayarwa tun daga farkon littafin, sunan nasa ma yana kama da kalmar wawa a Italiyanci. A 1633 aka gurfanar da shi bisa karya gargaɗin 1616. Yana da shekara 69. An yi masa barazanar azaba kamar yadda tsarin kotun yake, ba a azabtar da shi ba. Ranar 22 ga Yuni ya durƙusa ya janye ra'ayinsa. Uku daga cikin alƙalai goma ba su sa hannu ba. Ya ƙare rayuwarsa a ɗaurin talala a gidansa na Arcetri kusa da Florence, inda ya kammala littafinsa mafi muhimmanci kan motsi, wanda aka buga a Holan a 1638. Ya rasu a 1642. Maganar nan da ake cewa ya yi ƙasa-ƙasa yana tashi, wai duk da haka tana motsi, sai a 1757 ta bayyana a littafi.

Kada malami ya bar wannan bayani ya zama sabulun wanke kotun. An tilasta wa tsoho ya ƙaryata abin da ya gamsu da shi, an hana littafinsa har 1835, kuma masana a ƙasashen Katolika sun shiga taitayinsu. Descartes, masanin falsafa Bafaranshe, ya ji labarin hukuncin ya ɓoye nasa littafin. Paparoma John Paul na 2 ya amince a 1992 cewa malaman wancan lokaci sun yi kuskure. Ɗalibin da ya fita yana cewa ba a yi komai ba, shi ma bai fahimci darasin ba.

Waɗanda za a wuce da sauri

Giordano Bruno an ƙone shi a Rum a 1600, wannan gaskiya ne. Tuhumar ta fi karkata ga aƙida: Triniti, allahntakar Almasihu, jibin Ubangiji, duk da cewa batun duniyoyi masu yawa yana cikin abin da aka tambaye shi. Servetus ma, da aka ƙone a Geneva ta Calvin, jagoran Furotesta, a 1553, kan Triniti ne, ba kan bayaninsa na bin jini ta huhu ba, wanda Ibnun Nafis ya riga shi yi da shekara 300. Kisa ne na zalunci, a faɗe shi da sunansa, amma a ajiye shi a babin 'yancin addini.

Batun cewa coci ya hana fiɗa gawa: Mondino yana fiɗa a gaban ɗalibai a jami'ar Bologna, ya kuma rubuta littafinsa a 1316. Dokar Paparoma ta 1299 da ake kafa hujja da ita, dafa gawar manya don a kai ƙasusuwansu gida ta hana. Hypatia, masaniyar lissafi ta Iskandariya, gungun Kiristoci ne suka kashe ta a 415, a tsakiyar rikicin iko tsakanin bishop Cyril da gwamna Orestes.

Kalandar da ke rataye a ofishin shugaban makaranta ma abin koyarwa ce. Lissafin ranar Ista ya goce da kwana 10 saboda tsohuwar kalanda tana ƙara kusan minti 11 a shekara. A 1582 Paparoma Gregory na 13 ya gyara, aka kwana 4 ga Oktoba aka tashi 15. Ingila ta ƙi karɓa har 1752, don abin daga Rum ya fito. Mutanen da suka saba da jiran sanarwar ganin wata ba sa buƙatar dogon bayani kan yadda ibada ke sa a koyi lissafin sama.

Kurakuran ɗaya ɓangaren

A ba su lokaci daidai gwargwado, in ba haka ba darasin ya koma wa'azi. Labarin tuban Darwin daga wata mata da ake kira Lady Hope ya fito, a wata jaridar Baptis ta Amurka a 1915, shekara 33 bayan rasuwarsa, kuma 'ya'yansa sun ƙaryata. Martanin Kiristoci ga littafinsa na 1859, wanda ya ce jinsunan halittu suna sauyawa daga asali guda, ya rabu. Charles Hodge, malamin tauhidi na Princeton, ya ce kafirci ne. Asa Gray, masanin tsirrai kuma mai riƙo da coci, shi ne babban mai kare shi a Amurka. An binne Darwin a cocin Westminster a 1882. A 1925 kuma aka ci tarar malamin makaranta John Scopes dala 100 a jihar Tennessee don ya koyar da ra'ayin.

Ɗaya kuskuren shi ne a jero Mendel, ɗan zuhudun da ya gano dokokin gado da wake a 1866, da Lemaitre, limamin Beljiyam da ya kawo ra'ayin faɗaɗar sararin samaniya a 1927, a ce to Kiristanci kaɗai ya haifi kimiyya. An yi tuya an manta da albasa. Jami'o'in Turai da littattafan da aka fassaro daga Larabci suka tashi. Gerard na Cremona shi kaɗai ya fassara fiye da 70 a Toledo. Aljabara ta Khawarizmi, likitancin Ibn Sina, ilimin haske na Ibnul Haisam, duk ta nan suka shiga. Su ma daga Girkawa, Farisawa da Indiyawa suka ɗora, babban mai fassara a Bagadaza kuwa, Hunain bin Ishaƙ, Kirista ne. A aji mai haɗe da Musulmi da Kirista, wannan ne wurin da kowa ke ganin nasa a cikin labarin. Lemaitre kansa bai ji daɗi ba da Paparoma Pius na 12 ya kafa hujja da bincikensa a 1951 don tabbatar da halitta, domin a ganinsa lissafi daban, aƙida daban.

Misali ɗaya ya isa ya nuna yadda abin ke juyawa. A 1210 an hana karantar da littattafan Aristotil na halitta a Paris. A 1255 jami'ar nan ta wajabta su. A 1277 bishop ya la'anci batutuwa 219, da yawansu masu alaƙa da koyarwar Aristotil.

Ranar muhawarar

Kada a ba da take irin wanne ya fi, addini ko kimiyya. A garuruwanmu irin wannan take yakan fita daga aji ya bi yara gida. A ɗaure shi da shekara da mutum: shin hujjar Galileo ta isa a 1633? A raba ɓangarori da ƙuri'a, a tabbata kowace tawaga ta haɗa Musulmi da Kirista. Idan wani ya fara ja zuwa wane addini ne gaskiya, a nuna masa tambayoyi huɗun da ke allo, a tambaye shi wacce yake amsawa.

Maki 20 ga kowane mai magana: 8 na shekara da suna daidai, 6 na faɗin hujjar abokin hamayya yadda shi ma zai yarda an faɗa daidai, 4 na faɗin inda labarin ya samo asali, 2 na iya magana. A cire 3 ga duk maganar da aka jingina wa wani sananne ba tare da an san inda ya faɗe ta ba. A sanar da wannan tsari mako guda kafin ranar, domin yaran da suka saba cin muhawara da ɗaga murya su samu lokacin komawa bincike.